Shekarar da Yayanku Ya Daina Cin Girkina

Na gaji da jin wannan labarin a bakinku a karkace. Duk sallah in kun taru a tsakar gida sai wani ya ɗauko shi, a yi ta ƙyaƙyata dariya, wai Inna ce ta je gaban likita ta tona wa ɗanta asiri har ya rasa shekara guda. 'Yar'uwarku Bilki ma har da kwaikwayon muryata, alhali lokacin tana makarantar kwana, ko ƙyallin abin ba ta gani ba. Yanzu jikoki sun ɗauka suna yawo da shi. To tunda Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan na yi furfura, zan rubuta yadda aka yi da hannuna. Wanda ya ga layin ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Ku fara sanin wannan. Yayanku ɗan fari ne, mu kuwa a zamaninmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi mashi wasa a gaban mutane, ba ta yabonshi ko da ya tsinko mata wata daga sama. Ku yanzu kuna ɗaga na farinku kuna sumbata kuna sawa a waya duniya ta gani. Ni ko kallon kirki ban taɓa yi mashi ba a gaban surukata. Ana yaye shi ta goya shi ta tafi da shi ƙauyen Jama'a, can ya zauna sai da ta rasu aka dawo mani da shi yana shekara bakwai, wuya siriri, haƙarƙari a waje. Ban ce tsohuwar ta ƙi shi ba, Allah ya jiƙanta, ita ma abin da take ci ke nan. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonshi yana rungume da ƙullin kayanshi. Ba dama in kira shi, ba dama in jawo shi jikina. Abin da na iya shi na yi. Na shiga madafi na zubo shinkafa da wake, na malala mai, na barbaɗa yaji, na dangwarar a gabanshi.

"Kai, ci," na ce.

Ya cinye, ya turo kwanon gabana. Na ƙara. Ya cinye. Daga ranar, duk wata magana da ke tsakanina da shi a cikin kwano take. In ya ci jarrabawa, ba na cewa komai, sai ya tarar da cinyar kaza a ƙarƙashin tuwonshi. In babanku ya zane shi, masa shida da man shanu. Ga ni kuma mai sayar da abinci, shekara talatin ina da rumfa a Samaru kusa da ƙofar jami'a, ɗalibai na layi a kan shinkafa da wakena da ɗanwake. Tukunya ba ta taɓa sauka. Haka ya tashi, har ya zama in ya shiga Keke Napep sai mai keken ya leƙo ya duba tayar baya. Ni kuwa, tsakani da Allah, daɗi nake ji. In ya wuce mata suka ce, "Wannan ɗan mai abinci ne, ba sai an faɗa ba," sai in ɗaure fuska kamar ban ji ba, amma a cikina ji nake kamar an ba ni kujerar Makka.

Kun san ƙananan jiragen nan na 'yan koyo da ke shawagi a saman Zariya. Mu mun saba da su kamar shirwa, ba mai ɗaga kai. Shi kaɗai ne yake ɗagawa, tun yana yaro har ya yi gemu, loma a hannu, baki a buɗe. Ya gama jami'a, ya kama koyarwa a wata sakandare, sai aka yi shelar gwamnati za ta ɗauki nauyin wasu samari su koyi tuƙin jirgi. Ya rubuta jarrabawa ya ci. Aka yi masu tambayoyin baka ya ci. Aka ce saura abu ɗaya, likitan matuƙa ya duba lafiyarsu ya sa hannu, bayan babbar sallah su fara karatu. Ban ko damu ba. Na ce a raina in dai lafiya ce, ai ko makaho ya shafa wannan yaron ya san yana da ita.

Ranar da ya dawo daga wurin likitan, ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya durƙusa gaban babanku. Kun dai san Malam, Allah ya ƙara mashi lafiya, shekara ashirin da wani abu ya yi yana aikin ɗakin janareta, kunnenshi ya tafi tare da hayaƙin. Sirri ba ya yiwuwa da shi. Yaro yana magana ƙasa-ƙasa, shi yana cewa, "Ɗaga murya." Yaro ya ɗaga, ya ce, "Ƙara." Kafin su gama, mai wankin kai na bayan gidanmu ma ta san an ce ɗan Malam ya yi wa jirgi nauyi. Ni ina bakin murhu, a nan na tsinci bayanin. Wai suna da wani lissafi, a ɗora ka a sikeli, a auna tsawonka, a haɗa su a fitar da lamba. Bi-em-ai suke ce mata. Tashi lambar ta haura inda suke so, ta yi nisa. Ya fi buhun masara nauyi, har da ɗoriya. Amma likitar, don mace ce, ta ce mashi lambar kaɗai ba ta kayar da mutum, akwai manyan mutane da ke tuƙa jirgi, abin da ƙibar ke jawowa shi ake bincika. Ido lafiya, kunne lafiya, zuciya lafiya, babu sukari, jini ya ɗan hau amma bai tsallake ba. Sai ta ɗauko tef irin na tela ta auna wuyanshi, ta tambaye shi yana minshari? Barci yana kama shi da rana? Ya ce a'a. Ta ce to ya zo da wanda suke gida ɗaya ta ji daga bakinshi.

Ku ji wayon yayanku. Wa ya ɗauka? Babanku. Mutumin da ko aradu ta faɗi a tsakar gida sai dai ya ga haske. Malam ya sa babbar riga ya je ya rantse bai taɓa jin minsharin yaron nan ba, kuma wallahi gaskiya ya faɗa. Sai dai sau uku likitar tana maimaita tambayar kafin ya ji. Aka ce dariya ta yi har tana share ido, ta ce Baba ya koma gida ya huta, a kawo mata uwar.

Nan fa gidan ya koma kaina. Malam ya kira ni ɗaki, wai zai yi mani magana a asirce, unguwa tana ji.

"Kalma ɗaya ce, Asabe. A'a. In ta tambaye ki ki ce a'a, ki rufe bakin nan naki."

Ƙanwarshi, Gwaggonku Ladi, ta hawo mashin tun daga Jama'a don kawai ta koya mani ƙarya.

"Wane namiji ne ba ya minshari? Nawa mijin ma yana yi, ya mutu ne? Yaro ya samu hanya, kada ki je ki yi mana halinki."

"Wane hali?" na ce.

"Ke ma kin sani. Abin da ke cikinki shi ke bakinki."

Abin da duk ba su sani ba, kuma ku ma sai yau za ku ji, shi ne wannan. Wata huɗu kafin nan, da damina, ya ɗauke ni a tsohuwar motar babanku zuwa Shika barkar haihuwa. Bayan azahar ne, ya ci ya ƙoshi kafin mu fito, ni na zuba mashi. Ina zaune a baya, don ba na zama gaba kusa da shi. Mun bar Samaru kaɗan sai na ji wannan gurnanin da na sani. Na ce ko injin ne. Kafin in ɗago, mota ta bar kwalta. Wata mata ce a gefen titi da goyo a baya da daro a ka, ta watsar da daron ta faɗa kwalbati. Mu kuwa muka kutsa gonar mutane, masara tana dukan gilashi, sai da kunyar gona ta tare tayar. Ba wanda ya ji ciwo, Allah ya tsare. Matar ta fito da laka har gwiwa tana zagi, jaririn yana tsala ihu, tumatirinta ya watse a titi. Ya fito yana ba ta haƙuri. Da muka koma mota ya kalle ni ta madubi, na kau da kai. A gida ya ce wa babanku akuya ce ta gitta. Ni ban ce akuya ba ce, ban ce ba akuya ba ce. Na dafa mashi farfesu.

Kuma ba ranar na fara sani ba. Duk Asabar in ya kwanta a tabarma gindin mangwaro bayan ya ci na rana, minsharin yakan tashi kamar injin markaɗe, sai kuma ɗif, ya ɗauke. Shiru. Ƙirjin ya tsaya. Nakan tsaya da muciya a hannu ina jira, tuwo yana kamawa a gindin tukunya, sai can ya ja wani irin dogon numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya ci gaba. Shekaru ina ganin wannan. Na ɗauka barcin mai ƙoshi ne.

Ana gobe za mu je, na shiga kasuwar Sabon Gari sayen manja wurin Mama Nkechi. Shekara ashirin da biyar nake sayen manja da busasshen kifi a hannunta. Matar kirki ce, aibinta ɗaya, su a wurinsu girmamawa ce a kira mace da sunan ɗanta na fari, don haka tun daga nesa take kwaɗa mani kira da sunan yaron, kasuwa tana ji, ni ina neman inda zan sa kaina. Na hana ta har na gaji. Ranar ta ga fuskata ta jawo mani benci. Na kwashe komai na faɗa mata, har da gonar masara, don ita ba dangin Malam ba ce. Ta toshe bakin galan da leda.

"Kin san Nkechi tana Legas," ta ce. "Duk Kirsimeti jirgi take hawa zuwa Kaduna, ita da yara uku. To ki faɗa mani, ƙawata. In ɗanki ne direban, in ce ta hau ko in ce ta bi mota?"

"Ke dai auna mani manja," na ce.

"Na auna. Amsa nake jira."

Na ɗauki galan na fito raina a ɓace, ina cewa wa ma ya aike ni. Da la'asar ina rumfa ina kwashe ƙanzo sai ga yayanku. Ya tsaya daga bakin rumfar yana murza makullin mota. Tun da aka dawo mani da shi bai taɓa roƙona komai ba sai ƙari.

"Inna, gobe ƙarfe tara ne."

"Na ji."

"Inna, in wannan ta wuce ni, ban san ko za a sake ba. Shekaruna suna tafiya."

Na zuba mashi ɗanwake da ƙwai biyu. Ya ci. Shi a ganinshi na amsa ke nan. Ni ma, in ce maku gaskiya, a lokacin haka na ɗauka.

Asibitin likitar a Sabon Gari yake, wani bene mai sanyin na'ura har cikin ƙashi. Bayarabiya ce amma haifaffiyar nan, Hausarta ta fi ta Bilki. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce in zauna, shi yana gefe a kan wata kujera da ta yi mashi kaɗan.

"Mama, wannan ɗanki ne? Yaya sunanshi?"

"Yana rubuce a takardarki."

Ta yi murmushi. "Na fari ne ke nan. Yi haƙuri, Mama. To tambaya ɗaya zan yi maki. In yana barci, yana minshari?"

Na buɗe baki da a'a ɗin da aka ɗora mani. Wallahi tana kan harshena. Sai ta ɗaga hannu.

"Kafin ki amsa, bari in faɗa maki dalili, don kada ki ɗauka neman laifi nake. Mai jiki irin nashi, wani lokaci in ya kwanta naman wuyan yana danne hanyar iska. Numfashi ya tsaya, ya dawo, ya tsaya. Shi bai sani ba. Yana ganin ya yi barci, alhali bai yi ba. Sai barcin ya biyo shi da rana, ya kama shi a inda ya ga dama. A ƙasa, mutum yana iya tsayawa gefen titi. A sama babu gefen titi."

Da ba ta ce gefen titi ba, da wataƙila yanzu wani labarin nake rubutawa. Tana faɗa na ga daron nan yana gangarawa, na ga ƙafar jaririn tana reto a bayan uwarshi. Abin da ya fito daga bakina ba shi aka aiko ni da shi ba.

"Yana yi. Kamar injin markaɗe. Kuma yana ɗaukewa, har sai na ce ya tafi."

"Inna," ya ce.

"Ya taɓa yin barci yana tuƙi?"

"Hanyar Shika, da daminar da ta wuce. Ina ciki. Saura kaɗan ya take mace da goyo."

"Inna!"

"Kai, rufe mani baki. Akuya ce? Ka kalle ni ka ce akuya ce."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mashi tun da na haife shi, kuma a gaban baƙuwa. Bai kalle ni ba. Likitar ta yi ta rubutu, sannan ta ce ba ta kayar da shi ba, amma ba za ta sa hannu ba sai an yi mashi gwajin barci, an yi magani, ta ga jinin ya sauka, ta ga nauyin ya fara ja baya. Ya ce wata nawa? Ta ce jikinshi ne zai faɗa. Ya ce bayan sallah za a fara. Ta ce ta sani. Ya tashi ya fita. Da na sauko daga benen babu shi babu motar. Keke na hau zuwa Samaru, a matse tsakanin wasu ɗalibai biyu suna ta zuba Turanci a kaina.

Abin da ya biyo baya shi ne ba ku sawa a cikin labarinku, don ba abin dariya ba ne. Malam ya yi kwana uku yana faɗa, kuma kun san faɗanshi har bakin titi. Gwaggo Ladi ta zo ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

"Anya ke kika haifi yaron nan? Kunyar ɗan fari muka sani, ba ƙiyayyar ɗan fari ba."

Na ce ta fita mani daga gida, na kuma gaya mata abin da ba zan rubuta ba don jikoki za su karanta. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, da yamma na zuba tuwo da miyar kuɓewa na ajiye a ƙofar ɗakinshi kamar kullum, da safe na tarar da kwanon yadda na ajiye, ko murfin ba a ɗaga ba. Washegari haka. Bai zage ni ba, bai daina gaishe ni ba, zai durƙusa ya ce ina kwana kamar ya ga matar maƙwabci, ya tashi. Sallah ta zo ta wuce, abokanshi suka fara karatu, jiragen suna wucewa ta saman gidan, ya daina ɗaga kai. Naman layya ma ko tsoka ɗaya bai taɓa daga hannuna ba. Ku da kuke da bakin cewa "ina sonka" ga 'ya'yanku ba za ku gane ba. Ni baki ɗaya gare ni a wurin yaron nan, shi ne kwano, ya kuma rufe shi. Wata bakwai.

Ya je Abuja aka yi mashi gwajin, aka manna mashi wayoyi a jiki ya kwana a can. Sakamakon ya nuna abin da na faɗa, har ya fi. Aka haɗo shi da wata na'ura mai tiyo da abin rufe hanci, tana hura mashi iska in ya kwanta, sai da aka sa batir da faifan sola saboda halin wutarmu. Ya fara fita da sassafe yana tafiya a ƙasa har kusa da Shika ya dawo. Ya sayi ƙaramin risho yana dafa wa kanshi wani abu fari fat mai kama da abincin marasa lafiya, ƙamshin babu, ɗanɗanon Allah kaɗai ya sani. A gidan mai abinci! Da ya fara faɗawa kuwa, sai matan unguwa suka sako ni gaba. Wannan ta ce ko ciwo ne ake ɓoyewa, waccan ta ce a nemi taimako wurin malamai, wata ta kawo mani garin maganin ƙiba a ƙulle a leda. Mutanen da suka ji da kunnensu an ce ya yi nauyi, su ne ke yi mani jaje don ya rage.

Ni dai ban daina ajiye kwanon ba. Amma wata rana ina zuba mai a kan shinkafarshi, na tsaya na kalli yadda yake kwanciya a gindin kwanon, ya kai rabin ɗan yatsa. Shekara ashirin ina yi mashi wannan. Likitar ba ta ce ni ce ba, Malam bai ce ba, ba wanda ya ce. Ni na gaya wa kaina, don ba na raga wa kowa, har da ni. Na koma wurin Mama Nkechi na ce ta koya mani miyar ganyen nan tasu da ba ta shan mai. Ta yi dariya har da tafi, wai yau mai manja ce za ta koyar da rage manja. Na koyi yin tuwo ɗan mulmule kamar na yaye, ganye ya fi shi yawa, kifi gasasshe maimakon soyayye, zogale da ƙuli kaɗan, wake ba shinkafa. Hannuna ya saba har ya shafi tukunyar rumfa, ɗalibai suna cewa, "Mama, yau mai ya yi tsada ne?" Kullum in ajiye a ƙofarshi, kullum in ɗauke a rufe. Babanku ne ke cinyewa da safe yana mita. Tumbin Malam ne ya fara tafiya kafin na mai shi.

Ban san ranar da zuciyarshi ta sauko ba, don bai faɗa ba har yau. Abin da na lura, idonshi ya washe, ya daina gyangyaɗi a kan sallaya, kuma Asabar gindin mangwaro ya yi tsit har ina leƙawa in ga ko lafiya. Na ji yana gaya wa babanku, da ihu dole, wai bai taɓa sanin haka mutane ke tashi daga barci ba, kai sakayau. Ni bai gaya mani ba. Unguwa dai ta ji, ni ma a cikin unguwar nake.

Da aka buɗe ɗaukar rukuni na gaba, ya koma wurin likitar shi kaɗai. Kada ku ɗauka ya zama siriri, ku ma kuna ganinshi. Ya sauke abin da ya sauke, lambar nan tasu ta ja baya amma har lokacin tana sama da yadda suke so. Sai dai jinin ya daidaita, na'urar kuma ashe tana ajiye lissafin barcinshi, likitar ta duba ta ga numfashin ya daina tsayawa. Ta sa hannu, da sharaɗin ba zai rabu da na'urar ba kuma zai riƙa dawowa tana duba shi.

Da azahar ya zo rumfa, ɗalibai cike. Ya ajiye wata takarda a kan teburin da nake jera kwanuka. Na goge hannu na ɗauka na juya ta. Lokacin ko alif na boko ban sani ba.

"Me aka ce a ciki?"

"An ce in tashi."

"To," na ce.

Ya tsaya. Na tsaya. Wani ɗalibi yana ta miƙo faranti ba wanda ya kula shi. Sai ya ja benci ya zauna, bencin ya yi ƙara kamar yadda ya saba.

"Inna, akwai abinci?"

Na juya baya don kada yaran mutane su ga fuskata. Na zuba mashi wake da ganye da rabin kifi, mai cokali ɗaya. Ya cinye tas, har da suɗe yatsa. Sannan ya turo kwanon gabana, daidai yadda ya turo ranar da aka dawo da shi daga Jama'a. Ludayin yana hannuna, tukunyar a buɗe. Ban taɓa hana yaron nan ƙari ba a duniya. Na ɗauki kwanon na jefa a ruwan wanke-wanke.

"Kai, ya isa."

Ya yi dariya har yana dafe ciki, ni kuwa na ce hayaƙi ne ya shiga mani ido.

To wannan shi ne labarin, ba wanda kuke yi ba. E, na sa ya rasa shekara guda, kuma in aka mayar da ni benen nan gobe zan sake. In laifi kuke nema ku ɗora mani, ga na gaskiya nan, shekara ashirin na malalar mai, shi ne nawa. Yanzu duk lokacin da ya je aka duba shi, sai ya bugo waya ya ce, "Inna, na wuce," in ce to, in tambaye shi me matarshi ta ba shi ya ci. Ya yi ta fama in hau jirginshi, na ce ban ajiye komai a sama ba. Nkechi dai ta hau, da yaranta, uwarta ta zo har rumfa ta gaya mani tana kwaɗa sunan nan kamar kullum.

Takardar tana cikin adakata, ya ba ni kwafi. Ita na fara kai wa malamar ajinmu na ce ta nuna mani inda sunanshi yake, na yi sati ina kwaikwaya a bayan kwalin magi. Har yau ban kama shi da baki ba, kuma ba zan kama ba, haka aka tarbiyyantar da ni. Amma takarda ba baki ba ce.

Usman.

Duk wanda ya karanta wannan layin da ƙarfi a gabana, ranar ya nemi inda zai ci abinci.